Malam Sa'adu Zungur, Malamin Da Ya Sa 'Yan Makaranta Suka Ɗauki Alƙalami

A nan ƙasarmu ta Katagum ba wanda bai san sunan Sa'adu Zungur ba, tun da jami'ar Jihar Bauci da aka kafa a Gadau a 1911 da ɗari, watau 2011, sunansa aka sa mata daga baya. Yaranmu da yawa can su ke fatan zuwa, waɗansu ma sun riga sun je. Amma in ka tsai da goma daga cikinsu ka tambaye su ko wane ne mai sunan, da wuya ka sami uku da za su faɗa maka abin da ya wuce cewa ɗan siyasa ne. Wannan shi ya sa na ga ya kamata in ba ku labarinsa a cikin wannan mujalla tamu, ya ku 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, domin kafin ya zama ɗan siyasa malamin makaranta ne irinmu, kuma abin da ya fi daɗewa cikin abin da ya bari shi ne waƙoƙinsa da mutanen da ya sa suka fara rubuta tasu.

Cikakken sunansa Ahmad Mahmud Sa'adu Zungur. An haife shi a birnin Bauci wajen shekarar 1915, a gidan malamai. Tun yana ƙarami ya sauke Alƙur'ani, ya shiga littattafan fiƙihu da nahawu da luggar Larabci, yadda 'ya'yan malamai su kan yi. A cikin wannan karatu na zaure ne ya san waƙoƙin Larabawa da ma'auninsu, ya kuma san waƙoƙin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi da 'yarsa Nana Asma'u suka bari. Ku riƙe wannan a zuciya, don shi ne tushen abin da ya yi daga baya.

A zamanin nan mutane suna gudun makarantar boko ƙwarai, musamman gidajen malamai. Duk da haka aka sa shi. Ya yi karatun farko a Bauci, ya ci jarrabawa ya tafi Kwalejin Katsina, wadda a lokacin ita ce makaranta mafi girma a Arewa duka. Daga can, a 1934, ya wuce babbar Kwalejin Yaba a Ikko. Shi ne ɗan Arewa na farko da ya shiga wannan kwaleji. Bai zauna har ƙarshen karatun ba, ya komo Arewa, ya shiga makarantar koyon aikin tsabta ta Kano inda a ke horad da duba-gari. Ba a daɗe ba aka ga iliminsa ya fi na ɗalibta, sai ya koma yana koyarwa. Daga Kano aka kai shi Zariya, ya ci gaba da koyad da ma'aikatan kiwon lafiya.

To, ku duba irin mutumin da ya fito daga waɗannan makarantu. Ga Larabci a bakinsa, ga Turanci, ga Hausa ta gidan malamai. In ya zauna da malaman zaure ba su iya cewa bai san addini ba, in ya zauna da Turawan mulki ba su iya cewa bai san zamani ba. A Zariya ya tara samari masu ilimin boko suka kafa ƙungiyar karatu da muhawara, suna haɗuwa suna tattauna al'amuran ƙasa. Lokacin kuwa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta, mutane sun fara sabawa da ganin Hausa a rubuce da boko. A wannan zama na Zariya ne shaƙuwa ta shiga tsakaninsa da wani saurayi mai koyon malanta, Malam Aminu Kano, wanda ya riƙe shi malaminsa har ƙarshen ransa.

Ana nan sai ciwon huhu ya kama shi. Wannan ciwo bai rabu da shi ba har ya zama ajalinsa. Ya bar aiki ya koma gida Bauci yana jinya. Wani mutum da ya ga ya rasa aiki da lafiya yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, sai ya kwanta ya jira abin da Allah zai yi. Shi kuwa sai ya mai da zaurensa aji. Allah kuma ya sa aka kawo Malam Aminu Makarantar Midil ta Bauci, inda Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ke koyarwa, shi ma marubuci ne, shi ya rubuta littafin Shaihu Umar. A 1943 aka kafa Majalisar Taɗi ta Bauci, inda malaman makaranta da ma'aikatan En'e da Turawan mulki su kan zauna a yi muhawara a fili. Malam Sa'adu na cikin manyan masu magana. Da muhawara ta yi zafi ta taɓo yadda a ke mulkin ƙasa ta hannun sarakuna, sai aka rufe majalisar. Shi da abokansa suka kafa wata ƙungiya tasu ta neman ci gaban Bauci, suka ci gaba.

A cikin waɗannan shekaru ne waƙoƙinsa suka fara yawo. Ya yi Waƙar Bidi'a, inda ya bi al'adun da mutane suka cusa cikin addini yana warware su. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, sojojinmu da suka yi yaƙi a ƙasar Bama suka fara komowa gida, sai ya yi musu waƙar Maraba da Soja. A 1948 ya shiga jam'iyyar NCNC ta Dokta Nnamdi Azikiwe, ya koma Ikko yana riƙe da sakatarenta. Zaman da ya yi can ya nuna masa nisan da ke tsakanin Kudu da Arewa wajen ilimi da shirin siyasa, abin ya dame shi. Wajen 1950 ya yi waƙarsa da ta fi kowace suna, Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, yana gargaɗin sarakuna da talakawa baki ɗaya su gyara mulki da karatu tun kafin zamani ya gyara su da ƙarfi. A shekarar nan ta 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, Malam Aminu ya ajiye aikin koyarwa da ya ke yi a makarantar horad da malamai ta Maru ya shiga siyasa, Malam Sa'adu kuma ya zama ɗaya daga cikin masu ba jam'iyyar tunani da shawara. Ya komo Bauci, ciwo na ta cinsa, har Allah ya karɓi abinsa a watan Janairu na 1958, yana da shekara arba'in da 'yan kai. Saura shekara biyu da 'yan watanni a sami mulkin kan da ya yi ta kira a yi shiri dominsa. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa.

In an auna rayuwar nan da ma'aunin duniya, ba za a ce ya sami wani abu mai yawa ba. Bai yi minista ba, bai tara dukiya ba, bai ko yi tsawon rai ba. Amma mu malamai muna da namu ma'auni. Mu kan duba abin da mutum ya sa waɗansu suka iya. A nan kuwa Malam Sa'adu ya ci riba mai yawa, bari in nuna muku ta inda ta zo.

Kafin zamaninsa rubutacciyar waƙar Hausa ta malaman zaure ce. Da ajami a ke rubuta ta, kuma galibinta wa'azi ne da yabon Annabi da tauhidi da lissafin taurari. Yaron da ya shiga boko ya kan ɗauka wannan ba gonarsa ba ce. In an ce masa waƙa, ko dai ya tuna da almajirai masu rerawa a ƙofar gida, ko makaɗan fada, ko kuwa waƙoƙin Turawa da a ke sa shi ya haddace a aji ba tare da ya san furen da su ke magana a kai ba. Malam Sa'adu ya ɗauko ma'aunin nan na malamai yadda ya ke, bai rage masa kome ba, ya zuba masa zancen yau: soja da jirgi, majalisa da zaɓe, makaranta da asibiti. Ɗan boko ya ji zancensa a ciki, malamin zaure kuma ya ji ma'auninsa bai karye ba. Daga nan ƙofa ta buɗe.

Ba shi kaɗai ba ne, gaskiya. Malaman makaranta na zamanin nan da yawa sun bi wannan hanya. Ga maƙwabcinmu Malam Mu'azu Haɗeja, wanda ya yi koyarwa a Kano, ya bar waƙoƙi a kan ilimin zamani da giya da karuwanci. Ga Alhaji Shehu Shagari, wanda tun yana malamin makaranta a ƙasar Sakkwato ya tsara Waƙar Nijeriya don yara su san labarin ƙasarsu, shi ne kuma ya zama shugaban ƙasa a 1979. Amma waƙar Malam Sa'adu tana da wani hali nata: ta kan tsokani mai sauraro har ya ji sai ya mai da martani. Da Arewa Jumhuriya ko Mulukiya ta fito, wani saurayi a Kano, Alhaji Mudi Sipikin, bai yarda da ra'ayinta ba. Maimakon ya yi gunaguni a zaure, sai ya zauna ya tsara tasa, ya sa mata suna Arewa Jumhuriya Kawai. Mudi Sipikin kuwa ya zama ɗaya daga cikin manyan marubuta waƙa na Arewa, ya shugabanci ƙungiyar marubuta ta Hikima a Kano. Malam Aminu ma ya rubuta waƙoƙi da wasannin kwaikwayo, kuma a 1973 ya fitad da littafi a kan rayuwar malamin nasa. Dandatti Abdulƙadir ya bi baya a 1974 da littafin nazarin waƙoƙinsa. Ni a ganina, babu ladan duniya da ya fi wa mai koyarwa daɗi kamar na baya ya ɗauki kayan aikinsa ya yi masa gardama da su, tun da ba mai iya gardama da abin da bai koya ba.

Na ce ladan da ya fi daɗi, kuma ba da ka na faɗa ba, na ɗanɗana kaɗan daga cikinsa a aji a nan Azare. Shekara da shekaru ina koyad da Hausa, kuma duk shekara in na zo kan waƙa sai in ga fuskoki sun canja, kowa na tsammanin hadda ce za a ɗora masa. Abin da na kan yi shi ne in rera musu baitoci kaɗan na Malam Sa'adu da murya, ba tare da na rubuta kome a allo ba. Sa'an nan in tambaye su da wane sauti kowane baiti ya ƙare. Nan da nan su kan gane cewa Arewa Jumhuriya ko Mulukiya tun daga farkonta har ƙarshenta da ya ta ke ƙarewa. Wannan shi ne amsa-amo, ko ƙafiya a bakin malamai. Sai in ce kowa ya kawo kalmomi goma masu ƙarewa da wannan sauti. Kafin a ankara aji ya kaure, wannan ya ce rijiya, wancan ya ce tsintsiya, wani ya ce tafiya, wani gaskiya. Daga nan tsoro ya fara fita.

Bayan wannan sai ma'auni, kuma a nan aikin ya ke. Gaɓar Hausa iri biyu ce, mai nauyi da marar nauyi. Marar nauyi ita ce baƙi da gajeren wasali, kamar gi a cikin gida. Mai nauyi ita ce wadda wasalinta ke da tsawo, kamar da a cikin gida, ko wadda ta ƙare da baƙi, kamar kar a cikin takarda. Kalmar malam duk gaɓoɓinta biyu masu nauyi ne. Ma'aunin waƙa ba wani abu ba ne illa jera waɗannan gaɓoɓi bisa tsari ɗaya a kowane ɗango, yadda masaƙi ke jera zare. Larabawa sun ba kowane tsari suna, akwai Mutadarik, akwai Kamil, akwai Basiɗ, akwai Rajaz da sauransu, malamanmu kuma suka ara suka yi aiki da su a Hausa, da ya ke harsunan biyu duk suna rarrabe dogon wasali da gajere. Rubutunmu na boko ba ya nuna tsawon wasali, saboda haka ido ba ya taimakon yaro a nan, sai kunne. Na kan sa su tafa, tafi mai ƙarfi ga mai nauyi, ɗan taɓi ga marar nauyi. Ba na faɗa musu sunayen Larabcin nan sai kunnensu ya riga ya kama.

Sa'an nan in yi musu abin da Malam Sa'adu ya yi wa mutanen zamaninsa, in ce kowa ya rubuta a kan abin da ke gabansa. Ɗan ƙauye ya rubuta a kan gero da fari, wanda gidansu ke bakin kogin Jama'are ya rubuta a kan ambaliya, 'yar birni ta rubuta a kan kasuwa ko layin ɗiban ruwa. Na farko dai gurguwar waƙa a kan kawo, ɗango ɗaya dogo ɗaya gajere, a cusa kalma don amsa-amo kawai ko ba ta da ma'ana. Ba na jan jar tawada a kai. Na kan ce mai ita ya tashi ya rera, in ya zo inda ta karye harshensa da kansa zai yi tuntuɓe, ya ji, ya koma ya gyara.

Akwai wani yaro da na taɓa yi, ɗan wani ƙauye na arewacin ƙasar nan, kullum a kujerar baya ya ke, ba ya ɗaga hannu, makinsa kuma ba ya wuce na tsira. Mako biyu bayan mun gama darasin waƙa, bayan an tashi, sai ya biyo ni da littafin rubutu a naɗe a hannu. Baiti goma sha biyu ya yi a kan mahaifiyarsa da tafiyar da ta kan yi da asuba neman itace. Ba aikin gida ba ne, ban sa shi ba, babu makin da zai samu. Abin da ya kawo shi shi ne baiti na bakwai ya ƙi zama, ya kwana uku yana juya shi, yana so in saurara in gaya masa inda nauyin ya yi yawa. Muka tsaya a inuwa muka tafa shi tare har muka gano gaɓar. Da ya sami kalmar da ta dace, yadda fuskarsa ta washe, ni dai ban taɓa karɓar albashin da ya faranta mini rai kamar wannan ba. Daga ranar ya fara magana a aji, har a darussan da ba nawa ba. Yanzu shi ma malami ne a wata makarantar firamare.

Ga abin da na gane a wannan al'amari. Yaron da ya fara auna kalma ya fara auna magana ke nan. Wanda ya kwana uku yana neman gaɓa ɗaya ba zai yarda a cika masa kunne da zancen da ba shi da kai ba, kuma in yana da kuka ya san yadda zai tsara shi har a saurare shi. Ina tsammanin wannan ne ya sa Malam Sa'adu, mutumin da ya iya rubuta wa Gwamnati takarda da Turancin da Turawa ke girmamawa, ya zaɓi ya faɗi manyan maganganunsa da waƙar Hausa. Takarda ofis ta kan tsaya, waƙa kuwa ta kan shiga kasuwa da zaure da cikin gida, wanda bai iya karatu ba ma ya haddace ta.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne kada mu bar wa Malam Sa'adu suna a ƙofar jami'a, mu bar aikinsa ya mutu a aji. An buga waƙoƙinsa a Zariya cikin ɗan ƙaramin littafi, amma makarantu nawa ne a ƙasar nan ke da ko kwafi ɗaya? Yara da yawa su kan gama firamare da sakandare ba a taɓa ce musu su tsara baiti ɗaya da harshen uwarsu ba. Ga su kuwa da son waƙa, kullum tana kunnensu ta rediyo da waya. Abin da suka rasa shi ne wanda zai ce musu su ma suna iyawa, ya nuna musu yadda a ke yi. Ƙasar Katagum kuwa ba baƙuwar ilimi ba ce, Malam Zaki da ya kafa ta malami ne, daga hannun Shehu ya karɓo tuta.

Saboda haka, ya ku waɗanda za su fita bana da waɗanda ke biye da su, ga roƙona. Duk makarantar da aka tura ka, ko a Azare, ko Gamawa, ko Shira, ko Cinade, ko wani ƙauyen da mota ba ta zuwa sai ranar kasuwa, ka nemi waƙoƙin Malam Sa'adu da na Malam Mu'azu ka tafi da su. Ka koyi rera su da kanka tukuna, don malamin da ke jin kunyar ɗaga murya ba zai sa yaro ya ɗaga tasa ba. Ka ware ko rabin sa'a ne a mako. Ka fara da amsa-amo, ka bi da tafi, ka bar su su rubuta abin da suka sani. Kada ka yi dariyar waƙar farko, ko da ta fi kowace gurguntaka. In yarinya ta kawo tata, ka saurare ta kamar yadda ka saurari namiji, ka tuna Nana Asma'u da waƙa ta karantad da matan ƙauyuka. In kuma wani ya kawo waƙar da ta saɓa wa ra'ayinka, ka duba ma'auninta ka gyara masa, ka bar masa ra'ayinsa ya kare shi da hujja.

Aikinmu ba mai yawan kuɗi ba ne, kowa ya sani tun kafin ya shigo. Amma akwai ranar da yaro zai tsai da kai a hanya da takarda a hannu, ba don maki ba, sai don baiti ya ƙi zama. Ina yi wa kowannenku fatan ganin wannan rana. Allah ya jiƙan Malam Sa'adu Zungur da sauran malamanmu da suka riga mu, ya sa mu bi sawunsu, ya yi wa yaranmu albarka. Amin.